Yadda Za Ka Gane Ko Garaɓasar Makon Gidajen Abinci Ta Cancanci Kuɗinka

A watan Yulin 1992 jam'iyyar Democrat ta Amurka ta yi babban taronta a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York, inda ta tsayar da Bill Clinton takarar shugabancin ƙasa. Wakilai da 'yan jarida suka cika gari maƙil, sai wasu mutum biyu da suka san harkar abinci ciki da bai, wato Tim Zagat wanda ya yi suna wajen tantance gidajen abinci, da Joe Baum wanda ya daɗe yana kafa su, suka shawo kan manyan gidajen cin abinci na birnin su sayar da abincin rana kan farashi ɗaya, dala 19.92, daidai da lambobin shekarar. An shirya abin ne domin baƙi na 'yan kwanaki, amma 'yan gari suka yi masa rububi, kuma daga nan ya zama al'ada da ake kira Restaurant Week, wato Makon Gidajen Abinci. A yau ana yin sa sau biyu a shekara, cikin hunturu wajen Janairu zuwa Fabrairu da kuma cikin bazara wajen Yuli zuwa Agusta, ɗaruruwan gidaje ne ke shiga, kuma duk da sunan mako da yake ɗauke da shi yakan ɗauki makonni. A 'yan shekarun nan an kasa farashin gida uku, dala 30 da 45 da 60. Wasu biranen sun kwaikwaya: Toronto ta Kanada tana da Winterlicious da Summerlicious tun 2003, Chicago da Los Angeles suka fara nasu a 2008, har Legas ma ana shirya irinsa.

Tambayar da mai son zuwa yake yi ita ce ko ragin na gaske ne, ko kuwa dabara ce ta jawo mutum ya kashe kuɗin da bai yi niyyar kashewa ba. Amsar ta danganta da gidan da ka zaɓa, da lokacin da ka je, da abin da aka sa a jerin abincin, kuma ana iya gano ta kafin a bar gida, da lissafin da ba zai wuce minti goma ba. Zan yi amfani da tsarin New York domin shi ne tushe, amma hanyar lissafin ɗaya ce a ko'ina.

Fara da sanin dalilin mai gidan abinci

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba a zaɓi Janairu da ƙarshen bazara haka kawai ba: a Janairu mutane sun gama kashe kuɗi a bukukuwan ƙarshen shekara, ga tsananin sanyi da ke hana fita, a Agusta kuma masu hali da yawa sun bar gari sun tafi hutu. Kujerun da ba kowa a kansu asara ce ga mai gidan abinci, domin kuɗin haya da albashin ma'aikata da wutar lantarki ba sa raguwa don ciniki ya ja baya. Saboda haka ya gwammace ya cika teburansa da ƙaramar riba, yana fatan cewa wasu daga cikin sababbin fuskokin za su dawo su biya cikakken farashi. Wannan ne ma ya sa a New York ba a sa ranar Asabar cikin shirin, ranar Lahadi kuma ganin dama ce ga kowane gida, tun da a ƙarshen mako ciniki ba ya buƙatar roƙo.

A harkar gidajen abinci, kuɗin kayan da aka dafa yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin da aka rubuta. Idan aka tilasta wa babban kuku ya fitar da abinci kala uku a kan dala 45, alhali a ranakun yau da kullum babban abincinsa shi kaɗai ya kusa kai haka, to dole ya nemi inda zai rage. Ko dai ya rage yawan abin da ake zubawa, ko ya koma ga kayan da ba su da tsada, ko ya zaɓi abin da ake dafawa da yawa tun da safe a riƙa ɗiba. Shi ya sa za ka ga jerin abincin makon a gidaje da dama ya yi kama da juna kamar an haɗa baki: romon kayan lambu ko ganyen salak a farko, sai kaza ko kifin salmon ko taliya a tsakiya, sannan wani ɗan abin zaƙi da aka ajiye a firji tun jiya. Wannan ba ha'inci ba ne, tsarin kasuwa ne, sai dai wanda ya san da shi ba zai ɗauka cewa ya ɗanɗani gwanintar gidan ba alhali abin da ya ci na gangan ne.

Lissafin da ya kamata ka yi

Mataki na farko shi ne ka daina kallon lambar da ke kan talla a matsayin abin da za ka biya. Farashin bai haɗa da haraji ba, bai haɗa da abin sha ba, bai kuma haɗa da tukwicin ma'aikata ba. Harajin sayayya a birnin New York kashi 8.875 ne cikin ɗari, tukwici kuma a Amurka ya zama tamkar wajibi, ana ba da kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Saboda haka abincin dala 30 zai tsaya maka a kusan dala 39, na dala 45 ya kai kusan 58, na dala 60 kuma ya haura 77, duk wannan kafin ka sha wani abu da ya wuce ruwan famfo. Idan ka ƙara lemon kwalba ko shayi na dala 6 a kan na 45, jimillar za ta kusa dala 66. Idan ku biyu ne, kai da maiɗakinka, kun tashi daga tunanin dala 90 kun faɗa sama da 130. A Toronto harajin kashi 13 ne cikin ɗari, a Chicago ma ya haura kashi 10, don haka duk inda kake ka nemi adadin wurin ka sa a lissafi.

Mataki na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda yawancin mutane ke tsallakewa. Buɗe shafin gidan abincin a intanet, ka ɗora jerin abincin makon kusa da jerin abincinsu na kullum, ka nemi kowane kala da aka sa a na makon ka ga ko yana cikin na kullum da kuma nawa ake sayar da shi. A ɗauka, alal misali, romon farko dala 14 ne, kifin dala 34, abin zaƙin dala 13. Jimilla dala 61 ke nan, an ba ka a kan 45, ragin dala 16, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A takarda wannan ciniki ne mai kyau.

To amma a nan ne ya kamata ka tsaya ka yi wa kanka tambayar gaskiya: da a ce ka shiga gidan nan a ranar da ba garaɓasa, me za ka saya? Idan kai mutum ne da babban abinci kaɗai ke isarka, ba ka damu da romo ba, kayan zaƙi kuma likita ma ya ce ka rage, to da dala 34 za ka kashe. Garaɓasar ta sa ka kashe 45, wato ka ƙara dala 11 domin abubuwa biyu da ba ka nema ba. Ragi yana zama ragi ne kawai idan an auna shi da abin da za ka saya da kanka, ba da abin da aka jera maka ba. Haka kuma mutum biyu da suka saba raba abin share fage guda ɗaya su raba abin zaƙi guda ɗaya za su iya cin abin da ransu ke so daga jerin kullum a kan kuɗin da bai kai na garaɓasar mutum biyu ba. A ganina rabin ƙorafin da ake yi game da wannan mako daga nan yake tasowa: mutum ya fito da ciki cike da abin da bai zaɓa ba, aljihu kuma ya fi yadda ya zata sauƙi.

Idan kuwa ka duba ka tarar babu ko ɗaya daga kalolin makon a cikin jerin kullum, to wannan alama ce da ya kamata ta sa ka ja da baya. Ma'anarta ita ce an ƙirƙiro abinci na musamman domin ya dace da farashin, kuma ba ka da ma'aunin da za ka gane ko an yi maka ragi. Gidan da ya ɗauki makon da muhimmanci yakan sa aƙalla kala ɗaya ko biyu daga abincin da aka san shi da su, domin burinsa ka dawo. Wanda ya shiga don kada a bar shi a baya kawai, jerinsa ne zai tona shi.

Sai kuma batun ƙarin kuɗi. Za ka ga an rubuta gasasshen naman sa a cikin zaɓi, amma a gefensa da ƙananan haruffa an ce sai ka ƙara dala 12 ko 15. Gidan da duk abin marmarin da ke jerinsa yana ɗauke da irin wannan ƙari, ƙayyadajjen farashinsa suna ne kawai. Ka haɗa ƙarin a lissafinka tun daga gida, domin idan ka zauna, ƙamshi ya bugi hancinka, ga na kusa da kai yana yankar nama, da wuya ka tsaya kan kaza.

Inda ribar take da inda ba ta

Ƙa'idar da ta fi tabbata ita ce: gwargwadon tsadar gida a ranakun kullum, gwargwadon amfanin garaɓasarsa. Gidan da babban abincinsa ke kai dala 45 ko 50, idan ya ba ka kala uku a kan 60, ka ci riba a fili, kuma ka samu damar zama a wurin da wataƙila ba za ka taɓa shiga ba. Gidan unguwa kuwa, wanda abincinsa ke tsakanin dala 18 da 22, idan ya shiga ajin dala 45 to kusan babu abin da ya rage maka, wani lokaci ma ka fi samun sauƙi a ranar da ba garaɓasa. Irin waɗannan gidaje ka ziyarce su a kowane lokaci, ka bar makon domin waɗanda suka fi ƙarfin aljihunka.

Abincin rana ya fi na dare riba a mafi yawan lokuta, kuma ba abin mamaki ba ne tun da shirin da abincin rana ya fara. Kicin ɗin ɗaya ne, kukun ɗaya ne, amma farashin yana ajin ƙasa, cunkoso bai kai na dare ba, kuma ma'aikata ba su gaji ba tukuna. Abu ɗaya da za ka lura da shi shi ne cewa na rana sau da yawa kala biyu ne, ba uku ba, wanda ga mai ƙaramin ciki alheri ne. Wanda aikinsa zai bar shi ya fita tsakanin sha biyu da biyu na rana a ranar Talata ko Laraba, shi ne ya fi kowa morar wannan shiri. Mai azumi kuma ya duba kalanda, domin watan Ramadan yana matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun da ke tafe zai riƙa haɗuwa da zagayen hunturu, lokacin da garaɓasar rana ba za ta amfane shi ba sai dai ya nemi ta dare bayan shan ruwa.

Batun halal, wanda lissafin kuɗi ba ya nunawa

Ga Musulmi, ciki har da Hausawan Najeriya da Nijar da Gana da ke zaune a yankunan Bronx da Harlem na birnin New York da masu zuwa ziyara, akwai wani ma'aunin da ya sha gaban farashi. Jerin abincin makon gajere ne, sau da yawa zaɓi uku ko huɗu a kowane kala. Idan ɗaya naman alade ne, ɗaya kuma naman sa ne da aka dafa cikin giya, ɗaya kaza ce da ba ka san yadda aka yanka ta ba, to zaɓinka ya koma kifi ko kayan lambu, kuma su ne galibi mafi araha a jerin kullum. Ka ga ke nan ragin da ka lissafa a kan nama ba naka ba ne. Sake lissafin a kan abin da za ka iya ci.

Kada kuma ka tsaya ga sunan abinci kawai. A girkin Faransa da Italiya ana yawan zuba giya a miya da romo, shinkafar Italiya da ake kira risoto galibi da farar giya ake fara ta, ana sa gutsattsarin naman alade a cikin wake ko ganye ko taliya domin ɗanɗano ba tare da an rubuta a sarari ba, kuma kayan zaƙi da dama suna ɗauke da barasa ko sinadarin jelatin mai daskarar da su, wanda ake yawan samu daga fatar alade. Matsalar ita ce a wannan mako gidaje da yawa ba sa yarda a canja komai a jerin, saboda an riga an dafa da yawa. Saboda haka ka kira su ta waya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a lokacin da ba cunkoso kamar ƙarfe uku na yamma, ka tambaya dalla-dalla. Yadda aka amsa maka ma wani ma'auni ne: wanda ya je kicin ya tambayo ya dawo maka da bayani ya nuna irin karɓar da za a yi maka. Gidajen abincin Turkiyya da Labanan da Indiya da na kifi zalla sun fi sauƙin sha'ani ta wannan fuska, ko da yake su ma ba duka ne ke amfani da naman halal ba, sai an tambaya.

Kama tebur da ranar zuwa

Ana fitar da sunayen gidajen da suka shiga, a kuma buɗe kama tebur, kwanaki kafin a fara, kuma gidajen da suka fi suna su ne ke fara cika. Mafi yawansu suna amfani da manhajoji irin su OpenTable da Resy. Ka tabbatar cewa ranar da lokacin da ka zaɓa suna cikin shirin, domin wani gidan na rana kaɗai yake yi, wani na dare kaɗai, wani kuma yakan shiga na mako ɗaya ya fita. Ka karanta sharaɗin fasawa, saboda wasu suna karɓar lambar katin banki su cire tara idan mutum bai zo ba. Idan kun kai mutum shida ko fiye, da yawa daga gidajen suna saka tukwici a cikin takardar kuɗi kai tsaye, don haka ka duba kada ka biya sau biyu. Akwai kuma gidajen da ke sharɗanta cewa duk wanda ke teburin ya ɗauki na garaɓasa ko duk a bari, wanda zai iya ɓata lissafin iyalin da ke da yara.

Idan ka isa, wani lokaci za a miƙo maka jerin kullum kawai, a yi shiru game da na makon. Ka nema kai tsaye, ba tare da jin nauyi ba, domin su ne suka yi tallar. Ka kuma riƙe jerin biyu a hannunka na ɗan lokaci, ka sake kwatantawa, saboda ba laifi ba ne ka canja shawara a teburin idan ka ga na kullum ya fi maka. Idan aka tambaye ka irin ruwan da kake so, ka sani cewa na kwalba kuɗi ne, na famfo kuwa kyauta ne, kuma ruwan famfon New York, wanda ake janyowa daga tafkunan tsaunukan Catskill da kewaye, yana cikin masu kyau a ƙasar. A abin sha ne gidajen abinci ke mayar da abin da suka rage, tun da ribarsa ta fi ta abinci nesa ba kusa ba, kuma wanda ba ya shan giya ya riga ya tsere wa babban tarkon, muddin bai faɗa na haɗaɗɗun lemuka masu tsada ba.

Wata magana game da ma'aikatan da ke kai abinci. A Amurka tukwici shi ne ƙashin bayan abin da suke samu. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa masu karɓar tukwici dala 2.13 ne a awa tun 1991, ko da yake jihar New York ta ɗaga nata sama da haka sosai. A wannan mako aikinsu yana ƙaruwa, domin kowane tebur kala uku ne da za a kai a kwashe, alhali kuɗin da ake lissafa tukwicin a kansa ya ragu. Wanda ya matse tukwici domin ya ƙara wa kansa ragi ya ɗauke shi ne daga aljihun wanda ya fi shi buƙata. Idan kashi 20 cikin ɗari zai yi maka nauyi, to ajin farashin da ka zaɓa ne ya fi ƙarfinka, sai ka sauko na ƙasa. Ka kuma sa ran cewa za a ɗan hanzarta ku, saboda akwai masu jiran teburin, don haka wannan ba makon da za a kai babban baƙo ko a yi doguwar hira ta kasuwanci ba ne.

Kafin ka yanke shawara, ka duba wani abu guda a shafin gidan: ko suna da nasu ƙayyadajjen farashi na kullum. Manyan gidaje da yawa a tsakiyar Manhattan, wato cibiyar birnin New York, suna da abincin rana mai farashi ɗaya duk shekara, waɗanda ke kusa da gidajen wasan kwaikwayo na Broadway kuma suna da na farkon dare domin masu sauri zuwa kallo. Idan bambancin da ke tsakanin wannan da na makon dala uku ne ko biyar, ka bar makon ya wuce, ka je a watan Maris ko Oktoba, lokacin da za ka samu tebur a ranar da kake so kuma kukun zai yarda ya cire maka giya daga miya.